Na sayar da littafi, yanzu wayata ta zama asibitin kaji

Mai Kaji, Rikkos:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Shekarata tara ina kiwon kaji a Jos. Bara na rubuta ɗan littafi mai shafi 64 kan renon 'yan tsaki, na buga da kuɗina, na ajiye wasu a shagon abokina mai sayar da abincin kaji a Terminus, sauran kuma PDF nake turawa in an biya naira 2,500. A shafin ƙarshe na sa lambata, na ce mai tambaya ya kira. Wannan layin ne ya ja mini. Ƙarfe ɗayan dare sai a turo hoton kashin kaza, wai "Malam, duba mini." Uwargida har ta fara yi wa wayar kallon kishiya.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata baiwar Allah daga Sakkwato. A watan Afrilu ta bi littafin tiryan-tiryan, ta toshe tagogi da leda, ta hura kaskon gawayi dare da rana, tsaki 40 cikin 100 suka mutu. Da sanyin Jos na yi rubutun, ban tuna da garin da zafinsa ke haura digiri 40 ba. Ta ce sai na biya. Ina iyakar haƙƙin mai saye a kaina? Ko in cire lambar kawai?

Hajiya Mai Kek, Kubwa:
Wa'alaikumus salam Malam. Kada ka cire, raba layi za ka yi. Ni ma da na rubuta littafin kek, na sayi wani sim na sa WhatsApp Business, duk wanda ya rubuto da dare amsa ke zuwa masa da kanta cewa sai Asabar bayan la'asar. Guruf ɗin masu saye kuma a kulle yake, ranar kaɗai nake buɗewa.

Sannan ka ajiye littafin rubutu kusa. Duk tambayar da mutum uku suka maimaita, ba su ne ba su gane ba, kai ne ba ka faɗa daidai ba. Ni "kofi biyu na fulawa" na rubuta, ashe kowacce da kofin gidanta, wata ma da moɗa ta auna. Kek ya fito kamar bulo! A bugu na biyu na koma giram da gwangwanin madara, kiran ya ragu sosai. Ka riƙa neman shaidar biya ma, don da yawa ƙawa ce ta tura musu PDF ɗin, kuma su suka fi kowa zafin kai.

Baba na Bukuru:
Ɗana, abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Kada ka sake faɗin magani daga hoto. Kazar da ta takure tana zawo, ko cutar Gumboro ce, ko kashin jini, ko wani abu daban, ido ba ya rabewa ta waya. Ga Vom nan kusa da kai, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, tun 1924 take, can ake yin rigakafin kaji kuma ana buɗe mushe a gano cuta. Na nesa ka ce su kai wadda ta mutu yanzu-yanzu wajen likitan dabbobin garinsu.

Batun Sakkwato kuwa, akwai laifinka. Ɗumin digiri 32 zuwa 35 da ka rubuta wa tsaki a satin farko daidai ne, amma mata nawa ke da ma'aunin zafi? Da ka ce su kalli tsakin. Sun dunƙule jikin kasko, sanyi. Sun gudu jikin bango suna haki baki buɗe, zafi. Sun bazu suna ci suna sha, lafiya. Kuma gawayi a rufaffen ɗaki ko mutum yana kashewa. Rubuta wannan shafin ka tura wa duk wanda ya saya, kyauta.

Ɗan Gwarimpa:
Da girmanka Baba, amma naira 2,500 ba ta sayi barcin mutum ba. Wata ɗaya kyauta, bayan nan mai son a riƙa duba masa kaji ya biya duk wata. In ka biya matar nan, gobe wanda ɓera ya cinye wa tsaki ma zai zo.

Mai Kaji, Rikkos:
Na gode ƙwarai. Baba, na kira ta jiya na ba ta haƙuri, na tura mata kuɗin tsaki ashirin, muka rabu lafiya. Shafin gyaran ya tafi wa masu PDF. Saura waɗanda suka saya a Terminus, abokina bai karɓi lambar ko mutum ɗaya ba, kuma kwafi 70 ne suka fita daga shagon. Su ta ina zan same su?