Ina kuka fara jin "Once in a Lifetime" ta Talking Heads?

Ɗan Fagge: Jama'a, wanda ya san waƙar nan tun fitowarta ya ba mu labari. Yarona ne ya kunna min ita a waya, da jin kiɗan na ce wannan mutanen Fela Kuti ne. Ashe mawaƙan New York ne.

Tsohon Ɗalibi: Kunnenka bai yaudare ka ba, ƙanena. Ina karatu a Ingila ta fito, farkon 1981, daga faifansu Remain in Light na 1980. Brian Eno, wanda ya haɗa musu faifan, shi ya cusa musu Fela, kuma ba su ɓoye ba. A Nassau ta Bahamas suka naɗi kiɗan: su yi ta bugawa tare, a zaɓi guntun da ya yi daɗi, a yi ta maimaita shi. A Ingila ta kai lamba 14 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa. Mu ƴan Najeriya a ɗakin kwana har musu muka yi, wasu na cewa sata ce, wasu na cewa girmamawa ce. Ni dai daɗi na ji, domin a lokacin Turawan ajinmu suka fara tambayata wane ne Fela.

Hajiya Uwargida: Mu a Amurka muke lokacin, maigidana na karatu. Gidajen rediyo ba su kula ta ba, ko cikin ɗari na farko ba ta shiga ba. A tashar talabijin ta MTV na gan ta: mawaƙinsu David Byrne da kwat da tabarau, yana karkarwa yana zufa. Tsoro ya ba ni, wallahi. Daga baya na ji cewa masu wa'azin coci na rediyo yake kwaikwayo, shi ya sa yake jefo tambayoyi kamar mai huɗuba.

Mai Jita: Hajiya, ni wahalarta na sha. Mun gwada ta da abokaina a Kaduna, mai ganga na ƙirga farkon bugu a wuri ɗaya, ni ina jin sa a wani wurin. Haka aka gina ta da gangan. Kiɗan jitar bass na Tina Weymouth ta ƙungiyar kuwa ba ya gusawa daga farko har ƙarshe, shi ke riƙe da kowa.

Ƴar Zinder: Ni ta bakin Angélique Kidjo ta Benin na san ta. A 2018 ta sake rera faifan gaba ɗaya, har Tony Allen, makaɗin Fela, ya buga mata ganga a ciki. Baba Tsohon Ɗalibi, ka saurara ka faɗa mana wacce ta fi.