Neman kalma: sulphur da na'urar XRF ta hannu

Mai Fassara, Aboabo:
Assalamu alaikum. Ina fassara takardar gargaɗi ga masu karɓar tsakuwa a wurin gini nan Kumasi, ana so kafin Litinin. Abu biyu sun tsare ni: sulphur, da na'urar XRF da ake auna shi da ita a jikin dutse. A taimaka.

Hajiya Injiniya:
Wa alaikumus salam. Na farko ai farar wuta ce. Sai dai ka rubuta "farar wutar cikin dutse", Malam, don kada lebura ya tsaya neman rawayan garin nan na 'yan koli. A dutse galibi haɗe take da ƙarfe, ita ce fairait, ƙwayoyin nan masu ƙyalli kamar zinariya da ake samu a duwatsun wajen Obuasi. Kusan kashi 53 cikin 100 na nauyin fairait farar wuta ce. Iska da ruwa suka same ta, sai ta yi tsatsa ta fid da asid, kankare ya kumbura ya tsage.

Baba Alhaji, Sabon Zango:
Kibiritu. Shi malamai suka sani tun kafin zuwan Bature. Na'urar kuwa na raɗa mata "matsinkaya", daga tsinkaya, tunda tana hango cikin dutse.

Mai Fasa Dutse, Buoho:
Baba, a yi haƙuri, mu nan salfa muke cewa, na'urar kuma bindiga. Tana da kunama, ka ɗora bakinta a dutse ka danna.

Hajiya Injiniya:
Baba, da girmanka, sunan yana da daɗi amma ba ta hango cikin komai. Hasken eksire take haska wa dutse ta karanta wanda ya dawo, kuma hasken da farar wuta ke mayarwa rarrauna ne, kaurin da na'urar ke karantawa bai kai na takarda ba. Ka ɗora ta kan ƙwayar fairait ta ba ka adadi mai tayar da hankali, ka matsa da yatsa ɗaya ta ce babu. Shi ya sa ake ɗibar samfur daga wurare da yawa a tulin, a busar, a niƙa ya wuce rariyar mikron 75, a danna a ɗan kofi mai siririyar leda ta musamman, a auna aƙalla sau 3. Damshi na rage adadin, ƙura a bakin na'urar ma haka. In akwai dalma a dutsen kuwa, haskenta na hawa kan na farar wuta, adadin ya haura na gaskiya.

Baba Alhaji, Sabon Zango:
Salfa! Bindiga! Haka Hausar Zango ta lalace, rabi Turanci rabi Twi, mu je Kano a yi mana dariya.

Ɗan Asawase:
Baba, kibiritun ma ai na Larabawa ne. Kuma Kanawa da kansu siminti da kankare suke cewa, wa ya yi musu dariya? Takardar nan ba Kurmi za a kai ta ba.

Malamar Kimiyya:
Ku bar Kano tukuna. Ni bindigar ce ban so a rubuce: yaro ya ji sunan ya nuna wa abokinsa da wasa, alhali hasken eksire take fitarwa. Ba a riƙe dutse a tafin hannu a danna. "Ma'aunin farar wuta" ma ya yi kaɗan, tana karanta ƙarfe da arsenik da sauransu. Na ba da "ma'aunin sinadaran dutse na hannu".

Ka ƙara da wannan, Malam: jimillar farar wuta take bayarwa, ba ta raba fairait da jifsam, wani ma'adini mai farar wuta wanda ba ya haifar da asid. Ƙa'idar Turai ta EN 12620 ta sa iyakar farar wuta a kashi 1 cikin 100 ga tsakuwar kankare, amma 0.1 in akwai firotait, wata 'yar'uwar fairait. A wannan ƙanƙantar kada a dogara da na'urar hannu, sai ɗakin gwaji inda ake ƙona samfurin a tanderu.

Mai Fassara, Aboabo:
Na gode. Na sa "farar wutar cikin dutse, wato salfa", da "ma'aunin sinadaran dutse na hannu" a ambaton farko, daga nan "na'urar XRF". Bindiga sau ɗaya, a layin gargaɗi.

Baba Alhaji, Sabon Zango:
To, Allah ya ba da sa'a. Sunan ya yi tsawo, ba mai faɗarsa a bakin tifa. Firotait ɗin fa, haka za ku bar ta tsirara?