Jiri ko hajijiya? Ina neman sunan Vertigo da Hausa

Mai Shirin Dare: Jama'a a taimaka. Gobe da dare zan yi sharhin Vertigo a rediyo, fim ɗin Alfred Hitchcock na 1958. James Stewart ya fito a matsayin tsohon ɗan sandan ciki a San Francisco, da ya hau sama sai kansa ya juya. Matar da yake so ta faɗo daga hasumiyar coci, shi kuwa ya kasa haye matakala. Daga baya ya ga mai kama da ita, ya matsa mata sai ta rina gashi ta sa irin kayan marigayiyar. Wane suna zan ba shi? Suspense kuma fa?

Uwar Biyu: Jiri mana. Ɗayan kuma zullumi.

Bazazzagi: Hajiya, jiri ai na mai yunwa ne ko mai hawan jini. Hajijiya ta fi, akwai juyi a cikinta. Dubi yadda aka naɗe gashin Kim Novak, jarumar da ta fito a matsayin matar, kamar dodon koɗi. Mutumin ma zagaye ya yi ta yi, har ya koma hasumiyar nan a ƙarshe.

Malam Nahawu: Zullumi bai kai ba. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina "tsinka-zuciya", ginin "faɗi-tashi" ne sak. Kuma ku daina cewa fim, majigi muka gada.

Bazazzagi: Allah gafarta Malam, majigin ma daga bakin Bature muka aro shi.

Ɗan Maraɗi: Mu nan silima muke cewa. Faransawa ba su wahalar da kansu ba, suka sa masa Sueurs froides, wato zufa mai sanyi. Labarin ma daga littafin Faransanci aka ɗauko shi.

Malam Nahawu: Kun ji ko? Sai Bafaranshe ya yi mana izini. Shi ya sa yaranmu ke jin kunyar harshen.

Uwar Biyu: Malam, tsinka-zuciya gudawa take tuna min wallahi.

Mai Shirin Dare: Lokaci na ƙurewa. Na ɗauki Hajijiya a take, zullumi a cikin sharhi.

Malam Nahawu: To. Amma ka ambaci tawa ko sau ɗaya, masu sauraro su yanke hukunci.

Uwar Biyu: Ni dai har gobe jiri ne.