In Ka Ce Iyaka, Na Ce Sharaɗi

Dattijo Bitrus Ɗan Rano, Alhamis da safe

Salama gare ku 'yan'uwa. Jiya a nazarin Littafi na Laraba mun maƙale a Ayuba 14:5, inda ya ce kwanakin mutum a ƙirge suke, an kafa masa iyakar da ba zai ƙetare ba. Gardama ta yi zafi har mai gadin coci ya fara kaɗa mana makullai. Na ce mu ƙarasa ta a nan, amma da waƙa. Wanda ya zo da zube a mayar masa da kayansa.

Da sunan Uba zan ɗaura waƙa,
Shi ne ya ja wa komai iyaka.

Ya ce da teku, "Tsaya daga nan,
A nan raƙumanka za su sauka."

Da yashi kawai ya yi masa shinge,
Ba rodi ba siminti, duba da kanka.

Namu na Bagauda da hannu aka yi,
Dare ɗaya ya ɓalle aka kwana kuka.

Ayuba ya ce kwananka a ƙirge,
Watanninka na hannun Mai ɗaukaka.

Ka sha magani, ka tafi Indiya,
Ran da ta cika ba mai fisshe ka.

Maganar teku tana Ayuba 38:11, ta yashi Irmiya 5:22. Dam ɗin Bagauda kuwa, yaran da ba su san 1988 ba su tambayi iyayensu.

Saratu Nas, Brigade

Baba na durƙusa, a yi mini aikin gafara, amma wannan ba za ta wuce ta gabana ba.

Baba ka ja layi ka kishingiɗa,
Ka manta sarkin da aka ce wa shirya gidanka.

Hezekiya ya juya wajen bango,
Ya yi addu'a ya haɗa da kuka.

Ishaya bai bar tsakar fada ba,
Aka ce ya koma ya kai albarka.

"Na ji roƙonka, na ga hawaye,
Sha biyar na ƙara kan shekarunka."

Sannan aka sa curin ɓaure
A kan marurun, to ina hujjarka?

Mai ƙara kwana ya yarda da magani,
Baba sha ƙwayar hawan jininka.

Yana nan 2 Sarakuna 20. Kuma Mama ce da bakinta ta ce mini katin ƙwayar wancan watan yana aljihun babbar riga, ko ɗaya ba a ɓalla ba.

Garba Ɗankwaya

Wayyo! Yau Brigade ta yi wa Rano wankin babban bargo. Saratu, Allah ya ƙara basira.

Malam Istifanus

A dakata da guɗa tukuna. Baba, a baitin buɗewa ka haɗa "waƙa" da "iyaka". Ƙa daban, ka daban, mai lanƙwasa ba ta amsa wa marar lanƙwasa. Ke kuma Saratu, ɗangonki na biyu gaɓa 15 na ƙirga, ɗan'uwansa na sama 11. Ko adaidaita sahun Bata ba a yi masa wannan lodin.

Saratu Nas

Malam, 15 ɗin shekarun Hezekiya ne. Da gangan na yi.

Dattijo Bitrus, Alhamis da yamma

'Yata na ji ki. Tsegumin Mamanki kuma a gida za mu yi shi.

'Yar nas kin yi allura da gaggawa,
Ba ki nemi jijiya ba kin soka.

Sha biyar ɗin nan wa ya ƙirga ta?
Ba ta kai sha shida ba, ita ma iyaka.

Kuma je ki buɗe babi na gaba,
Ki ga irin ɗan da ƙarin ya shuka.

Manassa na da sha biyu ya hau gado,
Yi lissafi, ba sai na faɗa miki duka.

Hamsin da biyar yana kan mulki,
Ya cika Haikalin Allah da gumaka.

Ba kowane ƙari ne riba ba,
Wani ƙarin gishiri ne a miyar kuka.

Danjuma Mai Walda

Tsohon hannu! Garba, ina bargon da ka ce an wanke? Rano ba ta faɗuwa a zagayen farko.

Mama Laraba, Juma'a

Ku yi haƙuri 'ya'yana, wayar tana wurin mai caji tun jiya, kasuwa kuma ta riƙe ni. Na karanta duka. Ni ban san gaɓa ba, yadda muke yi a zumuntar mata haka zan yi.

Ku maza kun tsaya a kan iyaka,
Kun tsallake wata 'yar kalma,
"In" ce, ba ta kai ƙwayar gero ba.

In jama'ata suka sauke kai,
In suka bar mugunta suka neme ni,
Sannan zan ji, ban ce kafin nan ba.

Yunana ya shiga Nineba da shela,
Kwana arba'in gari zai kife,
Suka sa tsumma, garin bai kife ba.

Ya kafa rumfa yana jiran ƙura,
Ya yi fushi har da Mai sama,
Wa'adi ya cika ba a taɓa kowa ba.

Irmiya ya je gidan maginin tukwane,
Aka ce ko na yi shelar rushewa,
In suka tuba ba zan rushe ba.

Ku duba 2 Tarihi 7:14 da Irmiya 18. Ni a 'Yankura in na ce wa mutum, in ka kawo kuɗi ran Asabar buhun naka ne, Asabar ta zo bai kawo ba, ai ba ni na karya magana ba.

Saratu Nas

Mama ta rufe kasuwa! Sai dai Mama, a namu Littafin Yunusa aka rubuta.

Mama Laraba

Ke 'yar nan, nawa na gado ne, fassarar 1932, Yunana ne a ciki. Kifin dai ɗaya ne.

Garba Ɗankwaya

Mama a gafarce ni, zan ɗan taɓa ki.

Mama kin mai da sama kasuwa,
Kin ba Ubangiji mudu da tiya.

Afisawa biyu ta ce kyauta ce,
Ta alheri, ta wurin bangaskiya.

Ɓarawon da ke gefen gicciye,
Me ya kawo, da me ya biya?

Nuhu ya ga bakan gizo a sama,
Ba "in" a alkawarin har ƙarshen duniya.

Mama Laraba

Ɗana Garba mai zaƙin murya,
Alheri ka iya rerawa,
Don kalmar "biya" ba ta yi maka ba.

Tiya biyu ta wake tun Ista,
Ka ce mini in an yi albashi,
"In" ɗin naka har yau bai iso ba.

Ɓarawon nan ai ya buɗe baki,
Ya amsa laifi, ya ce a tuna da shi,
Na ɗaya gefen bai roƙa ba.

Danjuma Mai Walda

Garba a kai kuɗin wake, a bar Nuhu ya huta.

Malam Istifanus, Juma'a da dare

Ana ta dariya, kari yana can kwance rai a hannun Allah. Mama ba zan taɓa ta ba, tata waƙar baka ce, da tafi da kiɗan tulu ake auna ta. Amma kai Garba da ka zauna a ajina, ga yadda ake hawa Mutaƙarab: gaɓa mai sauƙi ɗaya, masu nauyi biyu, a yi ta maimaitawa.

Iyaka ga teku, iyaka ga rai,
Iyaka ga ɗango, ka bar tsallake.

Mawaƙi na kirki awo zai riƙe,
Idan an wuce nan abin ya sake.

Ƙirga da yatsunka. Kowane ɗango 11.

Garba Ɗankwaya

Haba Malam, da girmanka! "Riƙe" da "sake"? Ƙe da ke! Shi ya sa aka ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere.

Malam Istifanus

"Riƙe" a ɗangon farko yake, ba shi ke ɗauke da amsa-amo ba.

Danjuma Mai Walda

To ai "waƙa" ta Baba ma a ɗangon farko take.

Malam Istifanus

Wancan baitin buɗewa ne, ana so ɗangwayensa biyu su amsa wa juna. Dokarsa daban.

Saratu Nas

To naka baitin buɗewar fa Malam? "Rai" da "tsallake" a wace unguwa suka haɗu?

Garba Ɗankwaya

Malam ya kafa shingen aruli,
Ya zo tsallake wando ya yage.

Mu a kwaya ganga ce ma'auninmu. In ta hau ganga, jama'a suka amsa, ta yi. Ruhu ba ya ƙirga gaɓa.

Malam Istifanus

Ba ya ƙirga? Buɗe Zabura 119. Kashi 22 ce bisa jerin haruffan Ibrananci, kowane kashi aya 8, a Ibrananci kowace aya ta fara da harafin kashinta, jimla 176. Wanda ya tsara ta bai ce Ruhu ya hana shi lissafi ba. Lalaci ne kawai kuke sa wa rigar ibada. Maganar "rai" kuma na karɓa, zan gyara.

Garba Ɗankwaya

A rubuta ranar nan. Malam ya ce zai gyara.

Danjuma Mai Walda, Asabar da dare

Don Allah a bar gaɓa haka nan. Ni iyakar da ta hana ni barci ta ƙasa ce. Makon jiya na je ƙauyenmu ta wajen Sumaila. Gonar mahaifinmu, layin gamba ne tsakaninta da ta maƙwabci tun ina yaro ina korar awaki. Na tarar an tumɓuke gambar an sake dasa ta kunya huɗu cikin tamu, ƙasar gindinta ma ba ta gama bushewa ba. Kututturen aduwar da marigayi yake jingina garma yanzu yana ɓangarensu. Wanda ya yi kuwa, in na je gida tare muke cin Jibin Ubangiji. Ban iya waƙa ba, Malam ya kau da kai.

Gamba ba ta da ƙafa na sani,
Amma tamu ta yi tafiya cikin dare.

Karin Magana ta ce kar a matsar
Da iyakar da kakanni suka tsare.

Musa ya ce la'ananne ne mai yi,
Jama'a kuma su ce amin a tare.

Nabot ya ce gadon ubana ne,
Ahab ya koma gida fuska a ɗaure.

To ni in kai ƙara ko in yi shiru?
Dattijo faɗa mini kafin in fanɗare.

Dattijo Bitrus

Danjuma, sanya wa zuciyarka ruwa. Badalar Kano da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu ma dubi yadda ake gutsurarta, bare gamba. Kada ka taɓa gambar, kada kuma ka je da ƙannenka. Matiyu 18 ta shimfiɗa hanya: ka same shi kai da shi kaɗai. In ya ji ka, ka sami ɗan'uwanka. In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, ka nemi tsofaffin da suka san inda aduwar take tun tana da rai. In ya ƙi su ma, a kai gaban ikilisiya. Mai unguwa yana nan bayan wannan, ba gudu zai yi ba.

Garba Ɗankwaya

Jama'a, Baba ya yi zube! A mayar masa da kayansa!

Mama Laraba

Bar shi Garba. Ku dai ƙirga mini "in" nawa ne a bakin Dattijo yanzu. Ni uku na gani.

Saratu Nas, Lahadi bayan sujada

Danjuma, muna tare da kai cikin addu'a. Baba, na kwana a aikin dare ina juya wannan. Ayyukan Manzanni 27 ne, mutum 276 a jirgin da zai kai Bulus Roma.

Baba ga jirgin Bulus a teku,
Dare sha huɗu iska na duka.

Mala'ika ya ce ba ran da zai salwanta,
Wannan taka ce Baba, na ba ka.

Matuƙa suka saukar da kwalekwale,
Su sulale su bar saura su halaka.

Bulus ya ce in ba su tsaya ciki ba,
Ku ma ba tsira, ga ta Mama ɗauka.

Soja suka datse igiya ya tafi,
Wasu da iyo wasu kan katako suka sauka.

Baki ɗaya ne ya faɗi biyun,
Wacce za ka goge da hannunka?

Garba Ɗankwaya

Brigade! Brigade! Danjuma zo ka ɗauki Dattijonka.

Malam Istifanus

Ɗangon katako ya fi jirgin nauyi, shi ma zai nutse. Amma baiti na ƙarshe ya zauna, ban da abin cewa.

Mama Laraba

Garba, ka rage ihu. Gobe ina rumfa tun takwas.

Dattijo Bitrus, Lahadi da dare

Wanda ya ce su tsaya cikin jirgi,
Ya san za su tsaya tun kan su farka.

Ban sauka ba 'yata, Laraba mai zuwa ki zo da Littafinki. Danjuma, in ka shirya tafiya ka gaya mini, ina da ɗan saƙo Rano, ka rage mini hanya mu ƙarasa maganar a mota. Ƙwaya kuwa na sha ta safe. Ta daren ce ban san inda Mamanki ta ajiye ba.