Neman shawara: An ba ni rol ɗin mai taɓin hankali, darakta kuma tsumma da bola yake so

'Yar Lokeshan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman wurin manyanmu da suka daɗe suna kallon fina-finan Indiya. Shekarata uku ina 'yan fitowa a fim, kullum dai ƙawar amarya ko mai kawo ruwa falo. Yanzu Allah Ya kawo rabo, an ba ni babban rol a wani fim mai dogon zango, matar aure ce da ta samu taɓin hankali. Ranar murna ta hana ni barci, sai da muka zauna da darakta jikina ya yi sanyi. So yake a shafa mini gawayi, a rataya mini gwangwanaye, in riƙa bin yara da gudu ina ƙyalƙyala dariya. Ya ce irin wannan ake yankawa a watsa a TikTok, kuma da shi ake cin kambu.

Ni kuwa wata daban ce a raina. Kwanaki na kalli 15 Park Avenue, fim ɗin 2005 da Aparna Sen ta ba da umarni, 'yarta Konkona Sen Sharma ta fito a matsayin Meethi. Tun farkon fim yayarta ke yawo da ita a mota cikin Kolkata suna neman wani gida mai lamba 15. Meethi ta haƙiƙance can mijinta yake da 'ya'yanta biyar, alhali ba gidan, ba mijin, ba 'ya'yan. Abin da ya kashe mini jiki shi ne yadda take ba da kwatance a natse, kamar yadda ni zan kwatanta muku gidanmu. Da na bincika sai na ga fim ɗin ya ci kyautar ƙasa ta Indiya a rukunin fina-finan Turanci, amma ita ba a ba ta kyautar jaruma ba, Sarika aka ba saboda Parzania.

Shi ne nake tambaya: ashe darakta ne da gaskiya? In yi abin da aka ce in wuce wurin, ko in yi magana a ƙwace rol ɗin a ba wata?

Baba Mai Kaset:
Wa alaikumus salam 'yata. Kin taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na yi shekara da shekaru ina sayar da kaset ɗin Indiya, kuma tun lokacin na lura da wani abu: in mace ta fito a mara lafiyar ƙwaƙwalwa ta yi abin a zo a gani, ran rabon kyauta sai a miƙa wa wanda ya tsaya kusa da ita.

Ɗauki Arth na 1982, na Mahesh Bhatt. Shabana Azmi ce uwargidan da miji ya watsar, Smita Patil ce farkar mijin, 'yar fim da ƙwaƙwalwarta ke warwarewa a hankali. Sanannen abu ne cewa Mahesh Bhatt daga zamansa da Parveen Babi ya ɗauko labarin. Akwai inda Smita take ganin wai duwatsun sarƙar auren uwargidan sun warwatse a ɗaki suna sukar ƙafarta. Wallahi har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. To me ya faru? Shabana ta kwashe kyautar ƙasa da ta mujallar fina-finai ta Filmfare. A rukunin mataimakiyar jaruma an sa sunan Smita, amma Rohini Hattangadi aka ba, wadda ta fito a mai aikin gida a cikin fim ɗin dai. Uwargida ta ci, mai aiki ta ci, mara lafiya ta tashi a tutar babu. Smita ta rasu a Disambar 1986 bayan haihuwa, tana da shekara 31, Allah sarki.

A 1982 ɗin dai aka yi Moondram Pirai da Tamil, wanda aka sake yi da Hindi a 1983 da suna Sadma. Sridevi ce ta koma kamar ƙaramar yarinya bayan hatsarin mota, fim ɗin kacokan a wuyanta yake. Kamal Haasan, mai jinyarta, shi ya tafi da kyautar ƙasa. Kowa kuma abin da yake tunawa shi ne yadda ya riƙa tsalle-tsallen biri a tashar jirgin ƙasa ko za ta gane shi. Ita sai a 2018 aka ba ta kyautar ƙasa saboda Mom, ta riga ta rasu.

In kika koma baya akwai Khamoshi, inda Waheeda Rehman ta fito a nas mai jinyar masu taɓin hankali, ta warkar da maza biyu, daga ƙarshe ita aka kwantar. A Filmfare Mumtaz ce ta doke ta da Khilona, inda ita Mumtaz take jinyar Sanjeev Kumar da ya zautu. Kin ga dai. Abin mamaki ma Waheeda ɗin ce uwar Meethi a fim ɗin da kika kalla, Shabana kuma yayar.

Alƙalai mutane ne kamar mu. Hawayen mai jinya suke ganewa, don shi suka sani a gidajensu. Saboda haka in don kambu za ki shafa gawayi, ba ni da tabbacin gawayin ma zai kawo miki shi.

Mai Kamara:
Baba, da girmanka, amma ka zaɓi waɗanda suka dace da maganarka ne. Shobana fa? Ta ci kyautar ƙasa da Manichitrathazhu na 1993, wanda daga baya aka juya shi ya zama Bhool Bhulaiyaa da Vidya Balan. Kuma nata ba natsuwa ba ce, har gado ta ɗaga da hannu ɗaya tana zare ido. Wannan ma hujja ce ga darakta. Sannan Konkona ba marainiya ba ce a wajen kyauta, ta ci ta ƙasa da Mr. and Mrs. Iyer, ta sake ci da Omkara a mataimakiya. A nan wajenmu ne ba a san ta sosai ba, don ba ta cika fitowa a fim mai rawa da waƙa ba, masu fassara kuma ba su damu da irin nata ba.

Ke kuma ƙanwata, ki tuna darakta a fim ɗin Konkona mahaifiyarta ce, ita ta rubuta labarin. Ke shekararki uku. Kada ki kuskura ki yi masa gyara a gaban mutane, ranar za a ce kin fara girman kai.

Baba Mai Kaset:
Na karɓi gyara a kan Shobana, yaro. Amma je ka ƙirga, ka dawo mu yi lissafi.

Anti Nas:
Ni ba ruwana da kambu, aikina jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa, shekara goma sha. Bari in fara raba muku, don kun haɗa cututtuka uku a tukunya ɗaya. Na Sridevi bugu ne a kai. Na Shobana da Vidya wani ciwo ne daban da mutum yake komawa kamar wani mutum, kuma ba kasafai ake ganinsa ba. Na Meethi shi ne sikizofiriniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mutum 1 cikin 300, yawanci yana fara nunawa daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa ashirin da wani abu. Don haka tambayar farko da za ki yi wa marubucinku: wane ciwo ne yake damun matar nan? In ya ce "hauka kawai", to bai gama rubutu ba. In bayan haihuwa abin ya same ta, wannan ma kamanninsa daban.

Wanda kike gani a bola shi ne wanda ciwon ya daɗe, ba magani, dangi sun gaji. Mafi yawan waɗanda muke gani da mayafinsu suke zuwa, wasu da jakar ofis. Matar aure a gidan mijinta ba rana ɗaya take kai wa gwangwani ba. Barci ne yake fara ƙaurace mata. Sai ta daina shiga mutane, wanka ya zama aiki, tukunya ta ƙone tana zaune a gabanta. Sai zargi: an sa mata abu a abinci, rediyo da ita yake, maƙwabta sun haɗa baki. Kina mata magana sai ki ga ta ɗan karkata kai kamar wani ya kira ta daga bayan labule, ta motsa leɓe, sannan ta dawo gare ki. Muryar nan da take ji a kunnenta take jin ta, ba wasa take ba. Kuma mafi yawan lokaci tsoro ne a ranta, ba dariya ba. Su aka fi cutarwa, ba su suka fi cutar da mutane ba.

Wani abin da 'yan fim ba sa nunawa shi ne bayan an fara magani. Tsofaffin magunguna irin su Largactil da haloperidol suna kwantar da muryoyin, amma suna iya kawo nauyin jiki, yawan barci, rawar hannu, tafiya a sandare ba a kaɗa hannu. Shi ya sa wasu suke daina sha, ciwo ya dawo, a ce ai asibiti bai yi ba, a koma gidan mari. In kika nuna wannan kaɗai kin yi wa iyalai da yawa aiki.

Ki nemi izini a hukumance a asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa da ke, ko Dawanau, ko Barnawa, ko Kware, ki zauna da ma'aikata su yi miki bayani. Amma don Allah ban da waya, ban da leƙen marasa lafiya kamar an je gidan zu. Tun Janairun 2023 akwai sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasar nan, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma ta kare sirrinsu da mutuncinsu.

Uwar Biyu:
Ni dai in ba a sa tsumma ba ta yaya za mu gane mahaukaciya ce? Mu fa nishaɗi muke nema, ba lacca ba.

Yayan Wata:
Hajiya Uwar Biyu, Allah Ya sa kada ki gane ta hanyar da muka gane.

Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara takwas ke nan. Mun yi ruƙiyya, mun yi hayaƙi, an kai ta wani wuri da ba zan ambata ba ta dawo da shatar mari a ƙafa, kafin muka kai ta asibiti. Yanzu alhamdulillahi tana ɗinki, tana shan maganinta, addu'a kuma ba mu bari ba. Lokacin da abin ya yi tsanani, kullum bayan la'asar sai ta zuba abinci a kwano biyu, ta rufe ɗaya da faifai ta ajiye bayan ƙofa, wai na mai zuwa ne. In ka taɓa kwanon ba faɗa za ta yi ba, kallonka kawai za ta yi hawaye na zuba. Mahaifiyarmu ta koyi ɗauke shi da dare ta wanke ta mayar.

Wata rana muna zaune ana kallon fim a falo, aka nuno mahaukaciya da gwangwanaye tana rawa, yara suka fashe da dariya. Sai ta tashi a hankali ta shige ɗaki. Da na bi ta, ce mini ta yi, "Yaya, haka nake yi?" Na rasa amsar da zan ba ta.

Ƙanwata 'Yar Lokeshan, ba zan ce ki yi asarar aikinki ba, kowa da inda yake cin abinci. Ki dai sani irinta suna cikin masu kallo.

Uwar Biyu:
Subhanallahi. Ka yafe ni ɗan uwa, wallahi ban yi tunani ba. Allah Ya ƙara mata lafiya.

Mai Kamara:
Amin. To ga dabara ta aiki. Ki same shi shi kaɗai, ko ki bi ta wajen marubuci, don su sun fi saurare. Kada ki ce masa Konkona, zai ce a nan ba Indiya ba ce. Ce masa za ki yi fim mai dogon zango ne, in aka fara da bola a kashi na biyu me za a nuna a kashi na goma? Ciwon da yake tafiya a hankali ya fi ja masa kashi-kashi, wannan lissafin furodusa ma zai so shi. Ran ɗauka kuma ki yi masa yadda yake so, sannan ki roƙi a ƙara ɗauka ɗaya a yi naki. Ki shirya da mai kamara tun da wuri ya matso kusa da fuskarki, don irin wannan wasan daga nesa ba ya fitowa, sai a ga kamar tsaye kike kawai. A wurin tacewa ake yanke hukunci, kuma na sha ganin darakta ya zaɓi abin da ya ƙi a lokeshan.

'Yar Lokeshan:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Yaya, maganar ƙanwarka ta sa ni kuka, ka gaishe ta. In ka yarda, kuma ita ma ta yarda, ina so in ari zancen kwano biyun nan. In ba ku so, na bar shi.

Jiya na kira marubucin kamar yadda Mai Kamara ya ce. Na yi masa tambayar Anti, ya yi shiru, ya ce gaskiya bai sa wa ciwon suna ba, amma zai zauna a kai. Ya yarda a jinkirta fitarta titi zuwa can gaba. Gwangwanayen dai darakta ya ce ba fashi, sai dai an rage su zuwa fitowa ɗaya. Anti Nas, na turo miki saƙo ta ciki a kan yadda ake rubuta takardar neman izinin, ranar Litinin nake son kai ta. Baba kuma a ina zan samu Arth mai kyan hoto? Wanda na gani duk ya dushe.

Yayan Wata:
Na tambaye ta. Ta ce ki ɗauka, amma faifan ya zama mai kyau, nata sabo ne.