Masu baƙar mota, wa ya taɓa kai tasa aka goge mata fenti da inji?

Mai baƙar Camry, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata baƙa ce wuluk, ƙirar 2012. Da magariba in an wanke ta sai ka rantse sabuwa ce. Amma da rana tsaka, in ka duƙa kan bonet, sai ka ga siraran zane sun zagaye hasken rana kamar saƙar gizo-gizo. Abin yana damuna ƙwarai. Wani ya ce in kai a goge da inji, wani ya ce in na kuskura fentin zai tafi. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min abin da idonsa ya gani.

Direban Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam, ni na yi, kuma na yi nadama, amma laifin inda na kai ne. A bakin titi aka yi min, cikin rana, da injin nan mai juyi guda da soso mai gashi. Awa biyu aka gama. Ranar har fuskata nake gani a jikin ƙofa. Bayan wanki uku zanen ya dawo, ya taho da wasu layuka masu walƙiya da ke bin ka duk inda ka matsa. A gefen but kuma injin ya cinye fentin, wurin ya yi fari-fari. Sai da na kai wa mai fenti ya sake fesa murfin gaba ɗaya.

Mai sana'ar goge mota, Abuja:
Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Abin da aka shafa maka man ɓoye zane ne, yana cike ramukan, sabulu ya wanke shi.

Bari in yi wa mai tambaya bayani yadda nake yi wa masu kawo min aiki. Fentin kamfani hawa uku ne: shimfiɗa, launi, sai ruwan sheƙi a sama wanda masu fenti ke ce wa kiliya. Duka ukun a mafi yawan motoci ba su wuce maikiron 100 zuwa 150 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kiliyar kaɗai wajen 40 zuwa 50, ba ta kai kaurin takarda ba. Zanen da kake gani a cikinta yake. Gogewa kuwa rage ta ake yi har ta yi daidai da gindin zanen, abin da aka cire kuma ba ya dawowa. Shi ya sa ba na ɗora inji sai na auna kauri da na'ura, ƙofa-ƙofa. Motocinmu 'yan Kwatano da yawa an taɓa fesa su. In na ga wani gefe ya haura 300, na san an sake masa fenti, sai in bi shi a hankali.

Tsarin aikin: wanki, a bi jikin da yumɓun goge mota ya kwashe datti da ya maƙale, a liƙa salatif a gefuna da kan robobin motar, sannan a gwada a ɗan wuri kamar faɗin tafi biyu, a fara da man gogewa mafi laushi. A goge wurin da sifirit, a haska tocila. Abin da ka gani a nan shi ne gaskiyar aikin. Baƙar mota takan ci min kwana biyu, a cikin rumfa. Ka kuma sa farce a kan zanen: in ya maƙale, ya yi zurfi, kar ka bari a bi shi.

Maman yara, Zariya:
Ni tawa an goge ta ta yi kyau, wata huɗu ta koma gidan jiya. Da na sa ido sai na gano daga cikin gida ne. Lokacin hunturu kullum da safe yaron gidanmu yakan share ƙura da busasshen tsumma, ya yi ta murzawa, don ya faranta min. Ita ƙurar nan yashi ce. Ranar wanki kuma omo ne da bokiti ɗaya, tsumman da ya wanke taya shi zai hau rufi. Na zaunar da shi na nuna masa zanen da tocilar waya, ya gane. Yanzu sai an kwarara ruwa tukuna, bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota ɗaya na ɗauraye soso, taya da nata tsumman.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ku ƙara da tamfol: in ka rufa shi kan mota mai ƙura, iska na kaɗa shi, samfefa ka shimfiɗa mata. Kashin tsuntsu a ƙarƙashin darbejiya ma ya bar min tabo a rufi, kwana biyu kawai na ƙyale shi.

Ma'aikaci a Sakkwato:
Na sa a shafa min siramik, wani ruwan kariya da ke daskarewa a kan fenti, bayan gogewa. Ƙura tana saurin fita, ruwa yana gangarewa, wanki ya yi sauƙi. Amma bai hana zane ba, kar a ruɗe ka da wannan. Ruwan burtsatse kuma in ya bushe a jikinta cikin zafinmu na Afrilu, ɗigo-ɗigon fari yake bari. A inuwa nake wankewa, in tsane ta nan take.

Mai baƙar Camry, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na kai ta inda suke da na'urar awo. Ƙofar direba ta nuna an taɓa fesa ta, ban ma sani ba. An gwada a rabin bonet, muka haska tocila: gefe ɗaya baƙi kamar tawada, ɗayan duk zane. Akwai guda biyu da farce ya kama, mun bar su. Ranar Asabar zan mayar da ita a yi sauran, bokiti biyun kuma na riga na saya.