Kwamfutocin ofis na jan ƙafa wajen shiga, na tarar da GPO 63, a taimaka

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Wata biyu kenan da na karɓi aikin kula da kwamfutoci a wani ofis, wanda na gada ya tafi ko takarda ɗaya bai bar min ba. Kwamfuta wajen 80 ne duk a domen ɗaya, wato sabar ofis ce ke riƙe da asusun kowa. Da safe mutum zai sa kalmar sirri ya zauna yana kallon ɗigon nan suna ta zagaye, akwai wata hajiya a ɓangaren kuɗi ita har ta saba, tana danna Enter sai ta tafi ta haɗo shayinta ta dawo bai gama ba. Na buɗe Group Policy Management na ga GPO 63, wato kundayen saitin da saba ke tura wa kwamfutoci da masu shiga, rabi sunansu New Group Policy Object, wata test2, wata ma "kar a taɓa", kusan duka an rataye su a saman domen, ita kuma Default Domain Policy, wato GPO ɗin da ke zuwa tare da domen, an cusa mata komai har hoton bango da firinta. Ni tunanina in haɗe su su koma 3 ko 4 kawai. Zai sa a yi sauri ko ƙara jagula abin zan yi?

Amsa ta 1:
Wa alaikumussalam. Malam kar ka goge komai tukuna, fara buɗe PowerShell ka ajiye kwafinsu da Backup-GPO -All -Path sai ka ba shi folda. Sannan je kwamfutar hajiyar ka shiga Event Viewer, ƙarƙashin GroupPolicy akwai Operational, lamba 8001 za ta faɗa maka daƙiƙa nawa shigar ta ci, 5016 kuma ɓangare ɓangare take kawowa, na firinta daban na folda daban. Ka haɗa da gpresult /h ka ga waɗanda ke hawa kanta da gaske.

Amsa ta 2:
Gaskiya 63 ba ta kai a ɗora mata laifi ba, Windows sai an haura 999 a kan mutum ɗaya ko kwamfuta ɗaya yake ƙin ɗauka, kuma GPO da ba ta canza ba lambar sigarta kawai kwamfuta ke dubawa galibi ta wuce. Abin da ke ciki shi ne matsalar. Ni abu uku nake fara zargi, firinta ko folda da aka sa wa Replace maimakon Update, don kullum sai ya cire ya sake girkawa, sai tsofaffin rubutun umarni da ke gudana lokacin shiga, masu neman sabar da ta daɗe da mutuwa suna jira har lokaci ya ƙare, sai kuma matatar WMI, wato tambayar da ake yi wa kwamfuta kafin GPO ta hau kanta, musamman in wani ya yi amfani da Win32_Product, wannan kam annoba ce wlh, sai ta bi duk manhajar da aka girka da MSI, wato fayil ɗin girka manhaja na Windows, tana tantance su ɗaya bayan ɗaya kai kuma kana zaune.

Amsa ta 3:
Ƙanina maganar haɗewa zuwa 3 ban goyi baya ba, ranar da abu ɗaya ya lalace a cikin ƙatuwar GPO ba za ka iya kashe shi ba sai ka kashe har da goma masu lafiya. Raba masu yawan canzawa kamar firinta da waɗanda ba a taɓawa kamar tsaro. Default Domain Policy ka bar mata dokar kalmar sirri, kulle asusu da Kerberos mai tantance masu shiga, sauran ka kwashe. Yi OU, wato rukunin da ake zuba asusu a cikin domen, na mutane daban na kwamfutoci daban, ka rataya kowace GPO kusa da masu ita, ka tuna jerin da GPO ke hawa shi ne na kwamfutar kanta, sai Site wato wurin da take a sadarwa, sai domen, sai OU, na ƙarshe ke cin na farko in sun yi karo. Enforced mai tilasta GPO daga sama da Block Inheritance mai tare na sama, rage su iya iyawarka, su ke rikita lissafin nan. Kuma foldar Computers da sabuwar kwamfuta ke faɗawa ba OU ba ce, GPO ba ta ratayuwa a kanta, sa umarnin redircmp ya karkatar da su zuwa OU. Suna kuma dan Allah, ka sa wanda magajinka zai gane tun daga nesa.

Amsa ta 4:
Ƙari kaɗan, in za ka taƙaita GPO ga wani rukunin tsaro kar ka cire wa Authenticated Users, wato duk asusun mutane da kwamfutocin da aka tantance, izinin karantawa gaba ɗaya, tun gyaran Microsoft mai lamba MS16-072 na Yunin 2016 asusun kwamfuta ne ke karanto ka'idojin mutum, in ba izinin, GPO ba za ta hau ba, shiru kawai za ka ji.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na duba 5016, ɓangaren firinta kaɗai ya ci sama da minti biyu, ashe firinta 9 ake tura wa kowa da Replace, uku ma suna sito an ɗaure su da igiya. Na gyara a OU na gwaji hajiya ta shiga kafin ta miƙe. To ita "kar a taɓa" fa, in goge?

Amsa ta 1:
A'a oga, kashe mahaɗinta da inda aka rataye ta kawai ka bar ta a wurin. Kwamfutoci na sabunta GPO duk minti 90 da ɗan ƙarin da bai wuce 30 ba, amma wasu saitin sai an sake kunnawa, don haka ka ba ta sati biyu, in ba wanda ya zo ofishinka da ƙorafi sai ka goge, kwafin dai yana hannunka.